Faifan Baba Tanko na Uku

Ku da kuke zaune a bencin nan kuna tura wa mutane waƙa a waya, na ji abin da kuka ce ɗazu. Wai ni ma aikin da na yi ke nan a zamanina, in danna jan maɓalli in koma gefe ina cin goro. To, ku yi dariyarku, ba ku da laifi. Ni ma da na fara haka na zata, sai da na sha mari idona ya buɗe. Sunana Haladu, amma a Agege in ba ka ce Haladu Mai Kaset ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Shekara ashirin da wani abu na yi ina kwashe kiɗa daga faifai ina zubawa a kaset, a wani shago da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, bayansa layin dogo, gabansa kwata.

Marin farko a kan sifirit na sha shi. Na zo Ikko ne a jirgin shanu da niyyar zama mahauci, sai ya zamana da na ga jini jiri ke ɗibata. Mahauta suka yi mini dariya har suka gaji, sannan wani ya ji tausayina ya kai ni wurin wani Bayarabe mai gyaran rediyo, Oga Lamidi, Allah ya jiƙansa. Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi, zagi kuwa har ya fi 'yan Fagge iyawa. Wata rana aka kawo masa wani tsohon faifai baƙi, mai nauyi kamar murfin tukunya, ya miƙo mini ya ce in goge. Ni kuwa na ga da sifirit muke goge kan rikoda, na ce abin da ya wanke wancan ai zai wanke wannan. Na jiƙa auduga na shafa. Kafin in ɗaga hannu audugar ta yi baƙi ƙirin, faifan ya fara danƙo, layukan waƙar suka narke suka shige juna. Oga Lamidi ya leƙo ya gani. Sai da ya ajiye rediyon da ke hannunsa a hankali, don kada ya lalace, sannan ya kwaɗa mini marin da har yau kunnen hagun nan yake tunawa.

Daga marin nan na san faifai iri biyu ne. Akwai na roba, mara nauyi, wanda ko ya faɗi ba abin da zai same shi. Akwai kuma na da, na zamanin garmaho, wanda ko harararsa ka yi sai ya tsage. Shi wannan ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulu kawai yake so, a goge shi da tsumma mai laushi ana bin layi, a jingine shi a inuwa ya sha iska. Allurarsa daban ce, mai kauri. Gudunsa ma daban, saba'in da takwas, in ka kuskura ka sa shi a talatin da uku sai ka ji mawaƙi yana nishi kamar sa a mayanka. Da Oga Lamidi ya tashi komawa garinsu ya bar mini injin faifansa mai gudu uku, da allura mai kauri guda biyu a kwalin ashana. Sauran kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: rikoda biyu, reza, salatif, biro na naɗe zaren kaset, tsohon kwabo da nake ɗorawa a kan hannun allura in ta fara tsalle, sai jan farce na mata da muke liƙe zare da shi in ya tsinke. Jan farcen nan ya ja mini tambayoyi a gida ba sau ɗaya ba.

Aikin farko da na yi a shagon kaina na wani dillalin fata ne, faifan kiɗan kalangu. Ina tsakiyar ɗauka jirgin ƙasa ya zo wucewa, ƙasa ta yi rawa, allura ta yi tsalle ta tsallake baiti guda. Ban ma lura ba. Ashe baitin da ta tsallake shi ne wanda aka ambaci sunan kakan mutumin, kuma saboda baitin nan kaɗai yake ajiye da faifan. Ya dawo da jama'a har uku su taya shi faɗa. Tun daga ranar na samo tib ɗin taya, na hura shi rabi, na ɗora fallen katako mai kauri, na aza injin a kai. Na kuma koyi jin jirgi da tafin ƙafa, tun yana can nesa ban ji kukansa ba. Takalmi ba ya shiga shagona lokacin aiki, mutane suna ɗauka tsabta ce ta yi mini yawa.

Amma abin da ya kai sunana har Alaba Rago da Idi-Araba ba injin ba ne, ɗan yatsan nan ne. Ku dube shi da kyau. Mutanenmu ba sa son shiru a kaset. Wani mahauci ya taɓa dawo mini da nasa yana huci, wai tsakanin waƙa da waƙa akwai wurin da ba a cewa komai. Na ce, "Maigida, ai nan mawaƙin ya gama ɗaya, zai ɗauko wata." Ya ce, "Shi ya gama, batirina ya gama ne? Shirun nan ba batir yake ci ba?" Na yi tunani na ga wallahi mutumin nan ya fi ni gaskiya. Daga nan na ƙulla abota da maɓallin dakatawa, wanda muke kira fos. Da sauti ya ɗauke in danna, da ya dawo in saki, ba mai gane an yi yanka. 'Yan cirani kan zo su zauna gaban makirfo su ɗauki gaisuwar da za a kai wa iyaye a ƙauye. Yaro zai fara, ya yi in'ina, ya yi tari, wani ma kewar gida ta shaƙe shi ya kasa magana. Duk in yanke. Kaset ya isa gida a ce kai, wane ya je Ikko bakinsa ya buɗe, magana kamar mai labaru a rediyo. Har kirari nake yi wa kaina, wai ni ne wanda shiru ke tsoro.

Sai sojoji suka koma bariki, kowa na murna an ce abubuwa za su gyaru. Ni dai abin da farar hula ta kawo mini shi ne faifan sidi. Ɗan siriri, yana ƙyalli, yara na yawo da shi a tire a tashar motocin haya na danfo. Wanda ya sha rantse mini ba zai taɓa rabuwa da kaset ba sai in hango shi ya ratse ta bayan masallaci don kada mu haɗa ido. Ga kuma rigingimun da aka yi ta yi a unguwanni, yau a ce an yi a can, gobe a ce nan za a zo, mutanenmu da yawa suka tattara komatsansu suka koma gida. Shekara biyu da hawan farar hula na taɓa yin kwana huɗu ba wanda ya leƙo shagona sai akuyar maƙwabta, ita ma kwalin kaset ta zo ci.

A cikin wannan hali ne, wata Laraba da hantsi, na ga wani tsoho ya nufo ni rungume da akwatin katako kamar mai ɗauke da jariri. Wata mata ce ke riƙe da gwiwar hannunsa, tana ta cewa ya kawo ta riƙe masa, yana ƙi. Matar 'yarsa ce, Asabe, mai sayar da abinci a bakin tasha. Shi kuma Baba Tanko Kuku, na sha jin sunansa amma ban taɓa zama da shi ba. Zai kai shekara tamanin, dogo, farar riga a goge, wuyanta ya ƙoƙe amma ba datti ko ɗis.

Muka gaisa, na ba shi kujerata. Ya ce, "Ɗana, an ce kana da injin da ke juya faifan garmaho."

Na ce, "Baba, duk Agege ni kaɗai nake da shi. In ka ji wani ya ce yana da shi, to mafarki ya yi."

Ya buɗe akwatin. Faifai huɗu ne, kowanne a cikin rigarsa ta takarda, an kuma naɗe su da tsohon tawul. Asabe ce ta yi bayani. Ranar Asabar za ta mayar da Baba gida, ƙauyensu a ƙasar Zazzau, don 'yan'uwa sun matsa a kawo shi, Ikko ba ta tsoho ba ce yanzu. A babbar mota za su tafi da sauran kaya, kuma kowa ya san faifan nan ba za su kai Ibadan da rai ba. Garmahonsa ya fi shekara goma da mutuwa, ƙarfen da ake wanawa a ciki ya tsinke. So yake a zuba masa kiɗan a kaset ya tafi da shi.

Na tambaye shi kiɗan wane ne. Ya ce na Turawa ne, goge da fiyano. Na ce, "Waye mawaƙin?" Ya ce ba mawaƙi. "To 'yan amshi fa?" Ya ce babu. "Ganga?" Babu. Na dubi Asabe, ta ɗaga kafaɗa, alamar ita ma ta daɗe da haƙura.

Shi ya ba ni labarin da kansa. Tun yana saurayi ya shiga aikin boyi a gidan wani Bature na jirgin ƙasa a Zariya, ya biyo shi har unguwar Ebute Metta a Ikko, daga baya ya zama kuku. Baturen in ya zauna cin abinci sai an kunna masa kiɗan nan, kuma aikin Baba Tanko ne ya durƙusa kusa da garmaho, ya wana, ya canza allura, in fuska ɗaya ta ƙare ya juya faifan kafin maigida ya ɗago kai. Kowace fuska ba ta wuce minti huɗu da ɗan wani abu ba, ga fuska takwas, duk kiɗa guda ne aka rarraba. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa garmahon da faifan.

Na wanke hannu na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa a hasken ƙofa. Na ɗaya lafiya, na biyu lafiya, na huɗu lafiya. Na uku ne gabana ya faɗi. Tsaga ce tun daga baki har kusa da takardar tsakiya, in ka ɗan motsa shi sai ka ji yana ƙas-ƙas. Na gaya masa gaskiya. Na ce, "Baba, wannan sau ɗaya zai hau inji, gaba da baya. In mun samu, mun samu. In ya kuɓuce, babu na biyu."

Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, shi ya sa ya zo wurin mai hannu. Sannan ya ce, "Ɗana, in ba damuwa, zan zauna a nan lokacin da za ka ɗauka. Akwai wani wuri a na ukun nan da nake so in nuna maka."

To, a nan ne shaiɗan ya hau kaina ya miƙe ƙafa. Wata da watanni ba wanda ya nemi gwanintata, yau ga aikin da duk masu sidi na Ikko ba za su iya ba ya kawo kansa, sai kuma a ce tsohon kuku ne zai zauna yana nuna mini? Na yi murmushi irin na manya, na ce, "Haba Baba, lokacin da kake dafa wa Bature abinci, yana shigowa kicin ya nuna maka inda gishiri yake? Ka je ka huta. Bayan la'asar ka dawo ka karɓi kayanka." Asabe ta yi dariya ta ce gaskiyar Malam ce. Tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe. Da hannuna na raka shi har bakin kwata.

Aikin da na yi ranar, ko maƙiyina ya gani sai ya sara mini. Na wanke faifan huɗu na shanya. Na kwantar da na ukun a kan gilashi, na daidaita bakin tsagar da farce har layi ya haɗu da layi, na kama gefen da salatif, na ɗiga masa kyandir ɗigo ɗaya a baki don ya riƙe. Na fasa sabon kaset mai tsawo, wanda gefe ɗaya zai ɗauke kiɗan duka. Na sa sabuwar allura, ta ƙarshe da ta rage a kwalin. Na roƙi mai askin da ke kusa ya ba ni wutar janaretansa, don ta gari tana iya yin ƙasa a tsakiyar aiki. Na jira jirgin rana ya wuce, na yi azahar, na tuɓe takalmi, na yi bisimilla.

Kiɗan kuwa, ni dai a lokacin ban ga kansa ba. Fiyano ya fara, goge ya biyo shi, wannan ya faɗa wancan ya amsa, su yi sama tare su sauko, wani lokaci kamar suna rigima, wani lokaci kamar masu zaman makoki. Ba wanda ake wasawa, ba wanda ake zagi. Har aka gama faifai na biyu ina sauraron inda mai waƙa zai shigo, duk da an gaya mini babu shi. Amma aikina nake yi. Da fuska ta ƙare in danna fos, in juya, in saki daidai inda sautin ya ɗora, ba tazara ko ta ƙiftawar ido.

Na ɗora na uku. Fuskar farko ta tafi, kowane zagaye allura ta haye tsagar ta ce tak, amma ba ta yi tsalle ba. Na juya shi kamar mai juya ƙwai a kasko. Fuska ta biyu ta fara, a hankali, gogen yana ja kamar ba ya so. Mu masu aikin nan muna karanta faifai da ido: inda sauti ke da ƙarfi layin yakan yi kaushi, inda babu komai yakan yi sumul. Ina duban gaban allura sai na hango wani ɗan siririn wuri sumul a tsakiyar fuskar. Na ce a raina, af, ga abin da tsohon yake so ya nuna mini, wurin da kiɗan ke yankewa, yana tsoron kada in bar masa shi ya ci batir. Allura ta isa wurin, goge ya ɗauke, fiyano ya ɗauke, ba abin da ya rage sai shuu na tsufan faifai, da tak ɗin tsaga. Na danna fos. Tak, tak, tak, tak, sai wani ɗan huci kamar datti ya shiga layi, tak na biyar, na saki daidai lokacin da suka faɗo tare. Wallahi har tafa wa kaina na yi, ni kaɗai a shago.

Da fuskar ta ƙare na sa hannu biyu na ɗaga faifan. Bai kai ga rigarsa ba ya rabu a hannuna, gida biyu, wani ɗan guntu kuma ya faɗi ƙasa ya ruguje. Ban damu ba. Na ce da faifan, ka gama aikinka, kiɗanka na cikin kaset. Na ɗauki na huɗu na kammala.

Bayan la'asar suka dawo. Na shimfiɗa wa Baba tabarma kusa da lasifika, na kira mai aski da wasu mutum biyu su zo su ga aiki, don ni ba na yin abin kirki a ɓoye. Na nuna masa gutsattsarin na ukun, ya shafa su ya ce ba komai, dama an faɗa. Na kunna.

Kiɗan na farawa tsohon ya rufe ido. Da aka zo ƙarshen fuskar farko na ga ya zabura zai miƙe, hannunsa ya tafi neman faifan da zai juya, sai ya ji kiɗan ya wuce abinsa. Ya koma ya zauna yana dariya, har da hawaye. Ya ce, "Ikon Allah! Shekara hamsin ban taɓa jinsa a haɗe ba. Ashe haka yake tafiya." Na dubi mai aski, na ɗaga masa gira. Kaina ya yi girman da ban san yadda zan fita da shi ta ƙofar shagon ba.

Aka shiga na uku, aka juya. Gogen ya fara jan nan nasa a hankali. Baba Tanko ya matso har kunnensa na taɓa lasifika, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar kowa ya yi shiru. Kiɗan ya zo zai ɗauke, tsohon ya buɗe hanci ya fara jan numfashi, sai goge da fiyano suka faɗo masa a ka tun bai kai rabi ba. Ya sarƙe, ya kama tari. Asabe ta yi ta bubbuga masa baya.

Da ya samu kansa ya ce, "Ɗana, tariyo mini wurin nan." Na tariyo. Ya sake saurara. Ya ce, "Ina wurin da suka tsaya?"

Na ce, "Ai na gyara maka shi, Baba. Ba komai a wurin sai ƙara da datti. Na cire."

Ya daɗe yana kallona. Ba faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Su biyu ne a ɗaki, ɗana, ba makaɗin da zai ba su alama. In sun tsaya, ta yaya kake tsammani suke tashi tare? Mai gogen ne yake jan numfashi ta hanci, mai fiyano ya ji, su faɗo. Abin da ka ji kamar datti, numfashin mutum ne." Ya ci gaba da cewa, "Maigidana yana can kan tebur yana cin abinci, bai taɓa jinsa ba. Sai wanda ya durƙusa kusa da garmaho yake ji. Shi ya sayi faifan, amma wurin nan nawa ne ni kaɗai. Shi nake so in nuna maka."

Mai aski ya tuna yana da wanda ke jiransa, sauran biyun ma suka sulale. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har da ta ranar da na faɗi a gaban mahauta. Na rasa inda zan sa idona. Na ce zan liƙa faifan, na ɗauko gam na haɗa a gabansa, na ɗora. Allura ta isa tsagar ta faɗa ramin guntun da ya ruguje, ta yi tsalle ta ja layi har tsakiya, bakinta ya karye. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Na ce, "Baba, tak biyar ne, na ƙirga. Zan yanka zaren in sa maka shiru daidai tsawonsa, ba wanda zai gane."

Ya ce, "Shirunka za ka sa mini ke nan. Bar shi yadda yake." Ya karɓi kaset ɗin ya sa a aljihun gaba ya danne da hannu. Na ce in cika masa ɗaya gefen da gogen gida, kyauta, ya ce a'a, a bar shi fari. Ya yi mini godiya, godiya sosai, har da addu'ar Allah ya yi wa sana'a albarka. Ranar Asabar suka tafi. Ni ko tasha ban iya zuwa ba, na ce ciwon kai nake yi.

Bayan kamar wata takwas, ina zaune ina korar ƙuda, sai ga Asabe. Ta je gida duba shi ta dawo. Muka gaisa, na tambayi jikin Baba, ta ce da sauƙi, yana nan, sai dai idon ya ƙara yin ƙasa. Ta kwance bakin gyale ta miƙo mini kaset ɗin, ta ce zaren ya tsinke, Baba ya hana kowa taɓawa, ya ce a kawo wa wanda ya yi shi. Wata mota za ta tashi jibi, so take a ba direban ya kai masa.

Na kwance ƙusoshin na buɗe shi a kan tebur. Wanda ya yi aikin nan yana gane zaren da aka sha ji, yakan dushe, gefensa ya yi tattara. Na fara jan zaren da biro ina dubawa. Tun daga farko ya dushe, ya sha wuya, kamar an shekara biyar ana jinsa. Na bi shi har inda ya tsinke. Daga nan zuwa gaba kuwa sabo ne ful, yana ƙyalli, a naɗe tsaf yadda na bar shi. Ban buƙaci in kunna ba, na san wurin.

Na ce, "Asabe, ba ya jin sauran ne?"

Ta ce, "Kullum bayan azahar sai ya kunna. Da an zo wani wuri sai ya kashe rikodar da kansa, ya ja numfashi, ya zauna shiru. In ya gama sai ya ce a tariyo masa daga farko. Na ce Baba, ai akwai saura a gaba. Ya ce ya sani."

Na ɗauko reza da jan farce. Liƙa zare aikin minti biyu ne, amma dole sai ka datse baki biyun kafin su haɗu, wato in ƙara yanke masa wani abu a daidai wurin. Na daɗe riƙe da rezar. Na datse abin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. Na liƙa, na hura, na ɗaure, na miƙa mata.

Har ta kai bakin ƙofa na kasa daurewa, na ce, "Bai ce komai a kaina ba?"

Ta juyo ta ce, "Af, na manta. Ya ce in gaida gwani."